Sabon kambas a kwali ko na gwanjo?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce Sallah ta matso, kana son farin Air Force 1, wani mai shago a nan Katsina ya nuna maka sabo fil a kwali ya rantse orijinal ne, kana tambaya ko ka saya ko ka nemi na gwanjo.

Fara duba farashin. Wannan takalmin na Nike, wanda ya fara fitowa a 1982, ko a Amurka ya haura dala 100. Mayar da shi naira, ka ɗora kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. In abin da aka faɗa maka bai kai ko rabin haka ba, to kwafi ne, komai kyan kwalin. Wasu kuma suna ganin an rubuta Biyetnam ko Sin a ciki sai su ce jabu ne. Ba haka ba ne, na gasken ma a can ake yin su, har da Indonesiya. Duba ɗan ƙyallen da ke cikin takalmin ka karanta lambar samfurin, dole ta zo ɗaya da ta jikin kwali. Sannan ka shinshina. Kwafi warin gam yake yi har ya hau maka kai.

Ni dai na gwanjo mai kyau nake saya, na fi shekara 10 a haka. Amma nan ma akwai rami, kuma na taɓa faɗawa. Na sayi wani kambas daga dila, ko ƙura babu a tafinsa, ina ta murna na yi tsintuwa. Ranar Idi muna dawowa ta Ƙofar Ƙaura sai na ji ƙafata ta dama ta karkace. Ina dubawa, ƙasan takalmin yana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, da kabu-kabu na ƙarasa gida. Ashe soson da ke tsakanin tafi da fata, in ya yi shekaru a ajiye, danshi ne ke cinye shi a hankali, samansa kuwa yana nan kamar ba a taɓa sawa ba. Shi ya sa yanzu nake duba shekarar da aka buga a jikin ƙyallen nan na ciki, in danna soson da babban yatsa, in lanƙwasa shi a gaban mai shi. Wanda aka ɗan taka ya fi kwantar mini da hankali.

Fari kuma, ka san jar ƙasarmu da ƙurar hunturu. In ka wanke, shanya shi a inuwa, ranar Katsina tana sa shi ya ja rawaya, gam ɗin ma ya saki. Ka je gwaji da yamma da safarka, don ƙafa takan ɗan kumbura zuwa lokacin. In lamba 43 kake sawa ya matse ka, kada ka yarda da “zai buɗe”. Allah ya kai mu Sallar lafiya.