Na sayar da gida, bankin mai saye ya ƙi sakin kuɗi: zan iya riƙe kafin alƙalami?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina da gida a unguwar Sabon Gari nan Damagaram. Mun yi ciniki da wani ma'aikacin gwamnati a kan miliyan 14 na sefa, gaban dillali da shaidu biyu. Ya ba ni miliyan 1 kafin alƙalami, ya ce sauran sai banki ya sakar masa bashi. Yau wata huɗu ke nan, kullum sai ya ce takardu ba su kammala ba. Ga wani ɗan kasuwa ya zo da kuɗi hannu, har da ƙari. Shin zan iya sayar masa? Kafin alƙalamin ya zama mallakina? Kuma kuɗin da ya fito daga bashin banki halal ne gare ni?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka karɓi kuɗin mutum na biyu.

Hukuncin ya rataya ne ga kalmar da kuka faɗa ranar ciniki. A mazhabar Imamu Malik, da zarar an ce "na sayar", an ce "na saya", an yanke farashi, ciniki ya ƙullu ko ba a rubuta ba, ko ba a biya ko dala ba. Gidan ya zama na mai saye, kuɗin ya zama bashi a wuyansa, kai kuma kana da damar riƙe makulli da takardun gida har ya biya. Amma idan za a jinkirta biya, wajibi ne a san lokacin. Malik ya yarda a yi ciniki zuwa lokacin girbi, domin kowa ya san yaushe kaka take zuwa. Sakin kuɗin banki ba haka yake ba: yana iya zuwa gobe, yana iya zuwa baɗi, yana iya ƙin zuwa sam. Idan har abin da kuka faɗa shi ne "sai banki ya saki", babu wata, babu rana, to an yi ciniki zuwa ajalin da ba a sani ba. Wannan ciniki ɓatacce ne, warware shi ake yi. Ka kira shi gaban shaidun nan biyu, ka sanar da shi, ka mayar masa da kuɗinsa, sannan ka sayar wa wanda kake so.

Idan kuwa kun sa lokaci, misali wata biyu, kuma ya wuce, cinikin yana nan da ransa, ba ka da ikon rushe shi kai kaɗai. Manzon Allah (SAW) ya hana wani ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma hanin ya shafi ɗan kasuwar nan idan ya san da magana. Mafita ita ce iƙala, wato ku yarda ku biyu a janye ciniki, kowa ya koma da abinsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yarje wa Musulmi janye ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. In ya ƙi janyewa kuma ya kasa biya, sai ku je ga alƙali ya yanka masa wa'adi.

Yanzu kafin alƙalami, inda zuciya ta fi karkata. Malik ya kawo hadisi a Muwaɗɗa cewa an hana cinikin urbun, ya kuma fassara shi: mutum ya ba da wani abu a kan in ya ɗauki haja a lissafa shi cikin farashi, in ya fasa ya zama na mai sayarwa. Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya sun hana, domin cin dukiya ne ba a bakin komai ba. Imamu Ahmad ya halatta, ya kafa hujja da gidan da Nafi'u ɗan Abdul Haris ya saya wa Sayyidina Umar daga Safwanu ɗan Umayya a Makka da irin wannan sharaɗi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta bi wannan ra'ayi, amma da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. To kai Alhaji, ba ka ambaci an yi sharaɗin kuɗin zai zama naka ba, kuma ba ka ce an ƙayyade lokaci ba. Ko a wurin waɗanda suka halatta, ba ka da hanya. Fatawata ita ce ka mayar masa da miliyan ɗayansa cif. In akwai abin da ka kashe a kan buƙatarsa, kamar kuɗin sabunta takardun da banki ya nema, ku zauna ku yi sulhu a kai, ya biya da yardarsa. Ina jin nauyin wannan mas'ala ƙwarai, domin sau da yawa wannan kuɗi tarin shekaru ne na mai albashi, wani lokaci har da adashin matarsa a ciki.

Kada kuma ka ce masa, "zan ƙara maka wata uku, amma gida ya koma miliyan 15." Ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ainihin ribar jahiliyya. Allah Ya ce a cikin Baƙara, aya ta 280, wanda ke cikin ƙunci a yi masa jinkiri zuwa sauƙi.

Game da kuɗin banki: in ya kawo maka farashin gidanka, halal ne gare ka, domin kai gida ka bayar ka karɓi kuɗi. Annabi (SAW) ya yi mu'amala da Yahudawan Madina, har ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir. Laifin bashin ruwa yana kan mai ci da mai bayarwa. Sai dai hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya haɗa marubuci da shaidu biyu cikin la'anar da aka yi wa mai cin riba da mai bayarwa, saboda haka ka sa hannu a takardar sayar da gida kawai, kada ka zama shaida ko mai lamuni a takardar bashi. In aka ce ka rubuta farashin da ya fi na gaskiya don banki ya ƙara masa kuɗi, ka ƙi. Shaidar zur ce. Ka yi masa nasiha ya nemi hanyar murabaha, inda banki zai sayi gidan daga hannunka ya mallake shi tukuna, sannan ya sayar masa da farashi yankakke.

Idan har kana son ka ba shi dama ta ƙarshe, kuma ina kwaɗaita maka hakan in ba ka cikin matsi, ku warware na farko ku ƙulla sabon ciniki na zaɓi, wato wanda ake da damar tabbatarwa ko janyewa cikin wani lokaci sananne. Malamanmu sun ba gida wata ɗaya, ba tare da sharaɗin biyan kuɗi a cikin kwanakin zaɓin ba. Ku rubuta ranar farawa da ta ƙarewa, shaidu su sa hannu, takardun gida su zauna hannunka.

Allah ne Mafi sani.