"Umma, wannan waƙarmu ce": me ya sa "Bint Makka" ta ƙi mutuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni haifaffiyar Makka ce, a Misfala na tashi, kakana ne ya zo daga ƙasar Katsina da ƙafa ta Sudan. Kwanan baya na shiga ɗakin 'yata mai shekara 19, na tarar da ita da ƙawayenta biyu sun kunna waƙar nan ta "Bint Makka" da aka yi ta rigima a kanta shekarun baya, suna binta baki da baki. Na ce a kashe. Ta kashe, amma sai ta ce mini, "Umma, wannan fa waƙarmu ce." Maganar ta tsaya mini a rai. Waƙar da ba da Hausa aka yi ta ba, hukuma ma ta yi fushi da ita, ta yaya ta zama tasu? Kuma me ke cikinta da har yau ba a manta da ita ba?

Wata uwa daga Makka

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Bari in ɗan tuna wa masu karatu abin da ya faru, don ba kowa ke ƙasar nan ta Saudiyya ba a lokacin. A watan Fabrairun 2020 wata matashiya baƙar fata mai amfani da sunan Asayel Slay ta ɗora bidiyon waƙar rap a YouTube mai suna "Bint Makka", wato 'yar Makka. A wani shagon shan gahawa aka ɗauke shi. Kanta a rufe, yara na rawa a bayanta, tana haɗa Larabci da Turanci tana yabon matan garinsu da kyau da ƙarfin hali. Ba a ɗauki kwanaki da yawa ba ofishin gwamnan yankin Makka, Yarima Khalid al-Faisal, ya sanar a Twitter cewa a kama waɗanda suka shirya waƙar, saboda ta saɓa wa al'adun mutanen Makka. Bidiyon ya ɓace daga shafinta, amma an riga an kwafe shi a wayoyi, kafofin labarai na duniya kuma sun ɗauki zancen.

A matsayina na wadda ta daɗe tana nazarin waƙar baka, gaskiyar da zan faɗa miki ita ce waƙar ba ta da wata gwaninta ta a-zo-a-gani. Kiɗanta mai sauƙi ne, amsa-amonta ma haka. Rap kuma ba baƙo ba ne a Hijaz, yankin da Makka da Jidda suke. Tun a 2007 Qusai, mawaƙin nan na Jidda, ya gabatar da shirin hip-hop a tashar MTV ta Larabawa, akwai kuma samari da dama da suka fi ta iya juya harshe nesa ba kusa ba. Saboda haka in muka nemi sirrin a cikin kiɗa, ba za mu same shi ba. Sirrin yana cikin kalmomi biyun nan na sunan waƙar, da kuma fuskar wadda ta furta su.

Hausawa na kiran rap gambarar zamani, kuma akwai kama: saurin baki, zuba magana a kan kiɗa, zambo da habaici. Amma ni a wajena ya fi kusa da kirari. Ɗan gambara wasu yake tsokana a kasuwa don a ba shi na goro. Ɗan dambe kuwa in ya shiga fage ya ɗaga hannu, kansa yake faɗa: sunansa, garinsu, wanda ya rene shi. Ba ya neman izinin kowa. Kuma kirari ba ya daɗi sai a gaban wanda zai iya ƙaryata ka, shi ya sa ba a yin sa a ɗaki. Haka rap ya taso a unguwar Bronx ta birnin New York a farkon shekarun 1970, cikin baƙaƙen Amurka da 'yan tsibiran Karebiyan, yaran unguwannin da aka yi watsi da su suna ambaton sunan layinsu da alfahari. Har gobe duk inda rap ya je, abin da yake fara koya wa matasa ke nan: faɗi inda ka fito, da ƙarfi. To yarinyar nan kirari ta yi. Ta ce ita 'yar Makka ce, sai aka samu masu ƙaryatawa.

A nan dole in raba masu adawar gida biyu, don rashin adalci ne a zuba su kwando ɗaya. Kashi na farko mutane ne da suka ga bai dace a haɗa sunan gari mai alfarma da kiɗa da rawa ba. Cikinsu akwai dattawanmu da yawa, ina zaton ke ma nan kika fi karkata, kuma damuwa ce ta gaskiya da ba zan raina ba. Kashi na biyu kuwa ba ruwansu da kiɗan. Launin fatarta suka duba. Suka buɗe maudu'i a Twitter mai cewa "ku ba 'yan matan Makka ba ne", wasu har da kiran a kwashe 'yan Afirka a mayar da su inda suka fito. Kalmomin da muka saba ji a ɓoye suka fito fili, irin su "baƙaya hujjaj", ragowar alhazai.

Ta wannan ƙofar 'yarki ta shiga waƙar, Hajiya. Ba ta buƙatar jin Hausa a ciki. Zagin da aka yi wa mai waƙar, ita ma ta san ɗanɗanonsa, ko a makaranta, ko a layin baƙala, wato kantin unguwa, ko a bakin wata da ta ce mata "ya Takruniyya", sunan da ake kiran masu asalin Afirka ta Yamma, da irin muryar da ke da ni muka sani. Da ta ga an yi wa wata haka a bainar jama'a, wasu dubbai kuma sun tashi sun kare ta, sai ta ji kamar shari'arta ake yi.

Abin dariyar (in abin dariya ne) shi ne Makka gari ne da alhazai suka gina. Duba sunayen gidaje kawai: Bukhari, Jawi, Hindi, Hadrami, ga kuma namu, Hausawi da Fallata da Barnawi. Mutanenmu sun daɗe suna bin hanyar gabas, amma ayarin ya ƙaru bayan Turawa sun ci daular Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a har bakin Kogin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Irin su kakanki sukan yi shekaru a hanya, a yi noma nan a yi ƙodago can, a tara guzuri, kafin a tsallaka Bahar Maliya. Jikokinsu ne yau ke gasa siriya, wadda ba komai ba ce illa tsirenmu da ya canja suna, Balarabe kuma ya bi layi ya saya. Usama Hausawi, haifaffen Makka, shi ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Marigayiya Itab, wadda ake lissafawa cikin matan farko da suka yi suna a waƙa a ƙasar nan, baƙa ce ita ma. A ci tsiren, a tafa wa ɗan ƙwallon, amma idan aka zo zancen aure ko aiki sai a tambayi yarinya, "asalinku daga ina?"

Ba a nan kaɗai ba. In kika kai ta Kano ko Katsina hutu, Takari za a kira ta, a yi ta dariyar Hausarta mai gauraye da Larabci. Nan a ce mata baƙuwa, can ma a ce mata baƙuwa. Yarinyar da ta tashi a haka, ranar da ta ji wata mai kama da ita ta tsaya ta ce "ni 'yar garin nan ce" ba tare da sunkuyar da kai ba, ai dole ta riƙe.

Lokacin da waƙar ta fito ma ya taimaka mata. An kafa hukumar nishaɗi a 2016, an sake buɗe silima a 2018, mata sun fara tuƙi a watan Yunin shekarar. A Yulin 2019 aka yi babban bikin kiɗa a Jidda inda 50 Cent da Chris Brown da Janet Jackson suka hau dandamali. Har Nicki Minaj an gayyata, ita ce ta janye da kanta. Wata bakwai bayan haka sai ga umarnin kama yarinya mai lulluɓi da ta yabi matan garinsu. Matasa suka yi ta jera hotunan biyu suna tambaya. Masu kare hukuncin suka ce Jidda daban, Harami daban, kuma maganarsu na da kamshin gaskiya. Amma a ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa ba su kai shekara 30 ba, irin wannan tambaya ba ta kwanciya da wuri.

Sai kuma yadda intanet ke aiki. Manhajojin nan ba sa bambance mai yabo da mai zagi, ƙirga kawai suke yi. Duk wanda ya tura bidiyon yana cewa "ku dubi wannan abin kunya", talla ya yi masa kyauta. Umarnin kamun ya kai waƙar kunnuwan da da ba za su taɓa jin ta ba. Ana cikin haka korona ta shigo, aka dakatar da Umara, a watan Afrilu aka kulle Makka dare da rana. Kin tuna yadda muka zauna, kowa da waya a hannu, ba abin yi sai tura wa juna abin da aka gani.

Wani abu da na gani da idona ya fi duk wannan bayani. Na je bikin 'yar wata ƙawata a wata istiraha, wato gidan hutu da ake haya don biki, a Jidda. Wajen ƙarfe ɗayan dare, an sha waƙoƙin Hausa da na Sudan da na Khaliji, wato na ƙasashen Larabawan Tekun Fasha, aka shigo da amarya. Ba a ma kunna waƙar ba. Wata yarinya ce daga cikin ƙawaye ta ɗaga murya ta ce "Bint Makka!", sauran suka ɗauka da guɗa, wasu daga can gefe suka mayar da "Bint Jidda!" Wata tsohuwa da ke kusa da ni, tana ta fama da goronta a ƙaramar magogi, ta taɓo ni ta ce me yaran nan ke cewa? Na ce cewa suke amarya 'yar Makka ce. Ta dube ni da mamaki ta ce, "To da 'yar ina ce?" Ta ci gaba da gogar goronta. Tun daga ranar na gane sunan waƙar ya rabu da waƙar, ya zama take, irin wanda ake yi wa mutum in ya shigo taro. Da yawa cikin masu faɗinsa ba za su iya kawo miki baiti biyu a jere ba.

Kada kuma in cika baki a kan tasirinta. Ba ta ba kowa takardar zama ɗan ƙasa ba, ba ta sabunta wa kowa iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, ba. Da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Karantina da Sabil inda mutanenmu suka yi yawa, waƙa ba ta tsayar da katafila ba. Ba ita ce ma ta fara ɗaga zancen ba: shekaru kafin nan Nawal al-Hausawi, 'yar Makka ita ma, ta kai ƙarar wata mata da ta kira ta baiwa, labarin ya zagaya duniya. Abin da waƙar ta yi shi ne ta kai maganar ga yara 'yan shekara 13 da 14, cikin harshen da suke ji, a wayar da ke hannunsu. 'Yarki na cikin wannan sahu a lokacin.

Game da hukuncin kiɗa, wannan fagen malaman fiƙihu ne, kuma gidanki ne, kina da ikon cewa ga abin da za a kunna a cikinsa. Shawarata dai ki raba kiɗan da maganar da ta faɗa miki. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ko kuna tsinke ganye a kicin, ki tambaye ta wa ya taɓa ce mata ita ba 'yar Makka ba ce, kuma me ta mayar masa. Ina kyautata zaton za ki ji labarin da ba ta taɓa ba ki ba. Ke ma ki ba ta na kakanki, da sunayen garuruwan da ya yada zango, gwargwadon abin da kika riƙe.

Sannan ki ja mata kunne a kan abu ɗaya, ita da ƙawayen nata. Saurare a ɗaki daban, ɗaukar bidiyo a ɗora a TikTok ko Snapchat daban. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga wanda ya wallafa abin da aka ɗauka ya taɓa addini ko tarbiyyar jama'a, kuma hukuma ce ke fassara abin da ya taɓa ɗin. In a cikin ƙawayen akwai wadda da iƙama take zaune, hatsarinta ya fi na sauran, domin ita bayan hukunci ana iya haɗa mata da jirgi.