Direban tseren da ya san ƙarƙashin motarsa

Sani, ka tambaye ni wai direbobin tseren NASCAR na Amurka da kake kallo a waya, me suka iya ban da taka totur da karya sitiyari hagu, kuma ko yaron gareji irinka zai iya kaiwa can. Na san tambaya ta biyu ce ke cin ranka, amma ta farkon ta fi shafar sana'armu.

Taka totur kowa ya iya. Abin da ake biyan direban nan kuɗi a kansa shi ne ya ji abin da motar ke yi, ya faɗa wa makanikansa ta rediyo daidai, yana gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, wata mota a gabansa wata a bayansa, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Idan ya shiga kwana gaban motar ya ƙi juyawa tana neman katanga, matsala ce daban. Idan baya ne ke zamewa, wata ce daban. Kuma a ina? A bakin kwana, a tsakiya, ko wajen fita? Da wannan bayanin ne shugaban makanikai zai ce a rage iskar tayar dama ta baya, ko a murɗa nauyin da ke kan sifirin idan motar ta shigo shan mai. Direba ya yi kuskuren bayani, su ma su yi kuskuren gyara. Motar kuma ba ta zama yadda take: taya na cinyewa, tanki na sauƙi, kwalta na sanyi idan rana ta faɗi. A tseren Coca-Cola 600 na garin Charlotte, mil 600 ake yi, zagaye 400, a fara da rana a gama da dare.

Ka san kwastoman da ke zuwa ya ce "mota tana wani irin abu", da wanda zai ce "sai na taka birki a gangara take ja dama". Na biyun shi ne direban tsere.

Wanda nake so ka sani shi ne Alan Kulwicki, mutumin jihar Wisconsin. Mahaifinsa injin motocin tsere yake haɗawa, shi kuma ya yi digirin injiniya a 1977, ya yi shekaru yana tsere a ƙananan filayen yankinsu. A 1985 ya tattara ya koma Charlotte, cibiyar sana'ar, ba uban gida ba jari. A 1986 ya zama gwarzon sababbin direbobi. Shi ne mai mota, shi ne direba, shi ne mai lissafin sifirin, kuma an san shi da wuyar sha'ani, ma'aikata ba sa daɗewa a hannunsa. Junior Johnson, wanda garejinsa na cikin manya a lokacin, ya neme shi ya zo ya tuƙa masa, ya ce a'a. Mutane suka ce taurin kai ne. Ni ma da ka ƙi irin wannan tayin da na ja kunnenka.

Sai kakar 1992. Saura tsere shida a gama, yana baya da maki 278. Ya yi ta cin tazarar har aka zo tseren ƙarshe a Atlanta, ranar 15 ga Nuwamba. Davey Allison da ke kan gaba a maki ya yi hatsari, aka bar Kulwicki da Bill Elliott, wanda ke tuƙa wa Junior Johnson ɗin nan. Tun tsayawar farko giyar farko ta motar Kulwicki ta lalace, sai an tura shi yake fita daga wurin shan mai, don haka kowace tsayawa asara ce a gare shi. To, dokar lokacin tana ba da ƙarin maki 5 ga wanda ya fi kowa yawan zagaye a gaba. Shi da shugaban makanikansa Paul Andrews suka yi ta ƙirga. Mai ya yi ƙasa, lokacin shiga ya yi, ya ƙi shiga sai da ya ƙara zagayen da lissafi ya nuna. Ya shiga, ba a taɓa taya ba, aka zuba ɗan man da zai kai shi ƙarshe kawai. Elliott ne ya ci tseren, Kulwicki na biyu. Amma Kulwicki ya jagoranci zagaye 103, Elliott 102, ya ɗauki kofin shekara da ratar maki 10. Da zagaye ɗayan nan ya faɗa wa Elliott, makinsu zai zo ɗaya, a ba Elliott kofin saboda ya fi shi yawan nasara a kakar. Kulwicki bai ci moriyar kofin sosai ba, ranar 1 ga Afrilun 1993 ya rasu a hatsarin jirgin sama yana hanyar zuwa tseren Bristol, yana da shekara 38.

Yanzu tambayarka ta biyu. Ba zan yi maka romon baka ba, ɗana. Yawancin direbobin yau tun suna 'yan yara iyayensu ke saka su a ƙananan motocin tsere, daga nan su hau ƙaramar gasar da ake kira ARCA, su hau gasar a-kori-kura, kafin babbar gasa mai tsere 36 daga Fabrairu zuwa Nuwamba. Kowane mataki kuɗi ne, kuma sau da yawa kujera na zuwa ga wanda ya kawo kamfanin da zai liƙa talla a jikin mota, ko da wani ya fi shi hannu. Kamfanin ya janye, direba ya koma gida. Bayan Kulwicki, sai 2011 aka sake samun mai gareji da ya ci kofin da kansa, wato Tony Stewart, shi ma da abokin jari mai ƙarfi, Gene Haas. Daga 2016 aka fito da lasisi guda 36 da ke tabbatar wa mota gurbi a babbar gasar, cinikinsa na miliyoyin dala ne. Kujerun tuƙi a tsere ɗaya kusan 40 ne kawai, amma bayan kowace mota akwai masu haɗa inji, masu walda, masu auna taya da masu lissafin mai, kuma a garejojin da ke kewayen Charlotte su ake nema kullum.