Kar ki kuskura ki ce masa "rina"

Wayyo 'yar'uwa, kin fama min tsohon miki. Kin tambayi kalmar da za ki faɗa wa mai rini ya gane launi ɗan kaɗan kike so a kan farin yadinki. To ni dai kar "rina" ta fito daga bakinki.

Bikin ƙanwata ne, na kai wa wani marini a unguwarmu farar shaddata yadi 5, wadda na yi wata uku ina zubin adashi kafin na saya. Na ce a ɗan rina min ta yi shuɗi. Ranar kamu da safe na aika yaro ya karɓo. Ina warware ledar na zauna daɓas a ƙasa. Shadda ta dawo baƙi-ƙirin, sai ka kai ta rana kake ganin shuɗin. Na je har wurinsa ina rawar murya, mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba, wai "Hajiya ai rini kika ce." Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma ya karɓe kuɗinsa cif. Tsohuwar atamfa na saka, dangin ango suna ta kallona. Har yau in na ga hotunan sai raina ya ɓaci.

Ki ninka sunan launin kawai: shuɗi-shuɗi, ja-ja, kore-kore. Ninkin nan shi ke rage masa ƙarfi. Ko ki ce ruwan bula, irin wadda muke ɗauraye fararen kayan makaranta da ita, kowa ya san hasken nan. Kar ki ce sirki, zai ɗauka wani launi za a cakuɗa, ratsi kuma layi-layi zai yi miki.

In rinin baba ne, wato na shunin gargajiya, ki ce turi ɗaya, tsomi ɗaya ke nan. Ki leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano ki gani, zane kore-kore yake fitowa daga karofi, sai ya sha iska yake komawa shuɗi, kuma kowane tsomi duhu yake ƙara masa. Nawa Allah kaɗai ya san sau nawa ya tsoma.

Don Allah ki tafi da ƙyallen launin da kike so, ki sa ya gwada a bakin yadin, ki jira ya bushe, don jiƙaƙƙen yadi ya fi duhu. Kuma kar ki aiki yaro. Shaddar tawa tana ƙasan akwati, Inna ta ce in ba ta ta yi zanen sallah, na kasa.