Jemagun 37: me ake nema a jikinsu?

Tambaya: Likita, ina sayar da wake da shinkafa kusa da tashar 37 a Akara. Na ji an ce masu bincike na kama jemagun itatuwan wurin suna ɗibar jininsu. Wata cuta ce ta ɓulla ake ɓoye mana? Daga wata 'yar unguwar Nima.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Gwajin nan na sa ido ne, an daɗe ana yinsa a Akara da Kumasi. Ana ɗana raga mai laushi, a kama jemage, a ɗibi ɗigon jini a jijiyar fiffikensa, a goge bakinsa da auduga, yawanci a sake shi. Wani lokaci ma leda kawai ake shimfiɗawa a gindin itace a tara fitsari.

Abu biyu ake dubawa, kuma nan mutane ke ruɗewa. Gwajin jini yana nuna ko jemagen ya taɓa haɗuwa da wata ƙwayar cuta, kamar sawun ƙafa bayan mai tafiya ya wuce. Gwajin PCR kuwa ƙwayar kanta yake nema. A 2008 an ba da rahoton samun irin wannan sawu na dangin Nifa, wata cuta da mutane ke iya ɗauka daga jemagu, a jinin jemagun Gana. Ganin sawu bai nuna cutar ta tsallako jikin mutum ba, ya dai nuna inda za a sa ido.

Kin tuna cutar Marbog da ta ɓulla a yankin Asante a Yulin 2022, wadda cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Akara ta fara ganowa? Jemagen da aka sani da ɗaukar ta mazaunin kogo ne, jinsinsa daban da na itatuwan 37.

Abin da ya fi damuna shi ne mafarauta da masu fiɗar jemage da hannu tsirara, don jini da cizo su ne hanya mafi kusa ta kamuwa da cuta. Kuma ina roƙon a bar maganar kashe jemagun. A Yuganda an kashe jemagun wani ramin haƙar ma'adinai, waɗanda suka dawo daga baya sun fi na farko ɗauke da Marbog.

Ke dai rufe tukunyarki, musamman da almuru in jemagun sun tashi, kuma ki hana yara tsintar mangwaron da aka gatsa. Wanda jemage ya ciza ya wanke wurin da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, saboda dangin cutar haukan kare da jemagu ke iya ɗauke da su.