Kafin Ka Sayi Fenti, Zare Sandar Sirdin Mu Gani

Yarona, na ji tambayarka. Ka ce ka samu tsohon keken hawan dutse na ƙarfe, wanda da gani ƙirar farkon shekarun 1990 ne, kana so ka wargaza shi a lokacin hutunka, ka sake masa fenti, ka sa masa cokali (ƙarfen da ya riƙe tayar gaba) mai shokazoba da birkin faifai, ka mayar da giyar gaba guda ɗaya kamar na zamani. Sai ka ce, "Maigida, ta ina zan fara, fenti ko sayen kaya?" Ko ɗaya. Bar kuɗinka a aljihu tukuna. Ɗauko alanki, ka sassauta notin da ya riƙe sandar sirdi, ka kama sirdin da hannu biyu ka murɗa.

In ta juya, to ka yi sa'a, mu ci gaba. In ta ƙi, ka gamu da aikin da ya fi duk sauran cin rai. Yawancin sandunan nan na alminiyam ne, firam kuma ƙarfe. Idan suka shekara talatin a manne babu giris, ruwa na sulalawa tsakaninsu, sai alminiyam ɗin ya fitar da wani farin gari da ke kumbura ya cike ramin tam. Kada ka buga ta da guduma ƙasa wai don ta motsa, ƙara shigewa za ta yi. Kada kuma ka hura mata wuta, domin alminiyam ya fi ƙarfe kumbura da zafi kusan ninki biyu, ka ga ƙara matsewa ke nan. Ka ɗiga mai ta sama, ka kife keken ka ɗiga ta ƙasa, ka ba shi kwanaki. Daga nan ka cire sirdin, ka danne kan sandar a bais, firam ɗin yana sama, ka riƙa juya firam ɗin da kansa hagu da dama. In duk wannan ya gagara, sai a yanke ta a bar ɗan tsawo, a zura bakin zarto ciki a tsaga ta a tsaye, sannu a hankali, ba tare da an taɓa ƙarfen ba. Wannan aikin yini guda ne, kuma hannunka zai faɗa maka. Sandar kai, wato wadda ta haɗa kan keken da cokali, ita ma haka take yi: ka sassauta notin samanta zagaye uku ko huɗu, ka ɗan ƙwanƙwasa kan notin don abin da ya riƙe ta a ciki ya saki.

Abin da ya sa na fara da nan, firam shi ne keken, sauran duk baƙi ne. Wanke shi tas, ka kai shi cikin haske. Shafa yatsa a ƙarƙashin babban bututun da ya gangaro daga wuya zuwa cibiyar feda (inda aksul ɗin feda ke juyawa), daidai bayan wuyan. In ka ji ɗan tudu, ko ka ga fentin wurin ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo da wani abu gaba da gaba, kuma da wuya cokalinsa bai lanƙwashe baya ba. Duba ƙafar firam ta dama kusa da faifan giyar gaba, inda kaca ke maƙalewa ta riƙa yagar ƙarfe. Girgiza shi kusa da kunnenka. In ka ji kamar yashi na zuba a ciki, tsatsa ce ta ci daga ciki. Sannan ka ɗauko zare, ka ɗaure a bakin da aksul ɗin baya ke zama, ka zagayo da shi ta gaban wuya ka dawo ɗaya bakin. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba komai. In ya kai biyar, bayan ya karkace, sai an miƙe shi.

Ni da ke gaya maka, na taɓa ɓata mako biyu ina goge wani firam, na yi masa fenti shafi uku har ina kiran mutane su zo su gani. Ranar da na zo ɗaura kaya, ina matsa notin sandar sirdi sai na ga wani siririn layi ya buɗe a fentin kamar gashi. Tsagewa ce tun da can, tsohon datti ya ɓoye ta. Walda ta ƙone rabin fentin, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

In firam ya tsira, nemi ɗan tambarin da ke jikin bututun sirdi. Idan ka ga 4130 ko Cr-Mo, ko sunan Tange, True Temper, Columbus ko Reynolds, ƙarfe mai kyau ka samu. Masu tsadar cikinsu ana yin bututun da kauri a bakuna, tsakiya kuwa siriri, wani bai wuce milimita 0.6 ba. Shi ya sa ba su da nauyi, shi ya sa kuma ba a kai musu injin guga da ƙarfin tsiya.

Kada ka ɗauka ina hana ka sauye-sauye ne. Ai da sauye-sauyen aka haifi irin keken nan. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka, irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya suke tsintowa su gyara su riƙa gangarowa daga kan tsauni. Tseren da suka fara a 1976 sun sa masa suna Repack, wato "sake cusawa", saboda kafin mutum ya sauko giris ɗin birkin hob ɗin baya ya ƙone, sai an sake cusa wani. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da kekensa Stumpjumper da yawa a kasuwa. Amma su waɗancan sun san abin da ƙarfensu zai ɗauka, kai ma sai ka sani, kuma awo ne zai gaya maka.

Ɗauki ma'aunin nan mai baki biyu da ke karanta milimita, da takarda da biro. Wuyan cokali inci ɗaya ne ko inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, mai zare ne ko marar zare? Tazarar bakunan baya 130 ce ko 135? Faɗin gidan cibiyar feda 68 ne ko 73? Kaurin sandar sirdi 26.8 ne, 27.0 ko 27.2? Wannan na ƙarshen yakan zama a rubuce a ƙasan sandar. Kada ka raina 0.2 ɗin nan: ƙarama za ta sa ka matse bakin firam har ya tsage, babba kuwa za ta maƙale ka koma gidan jiya. Taya ma ka karanta lambar jikinta, ta irin wannan keken 559 ce. Akwai wasu tayoyin da su ma aka rubuta musu 26 amma 590 ne, ba za su zauna a rim ɗinka ba ko za ka kwana kana tura su.

Wajen kwancewa, wurare biyu ne ke kunyata sabon hannu. Fedar hagu da kofin cibiya na dama zarensu a juye yake, ta inda ake ɗaure sauran notuna ta nan su ake kwance su. Kuma kafin ka murɗa abin zare kuranki (hannun da feda ke jiki), leƙa ramin ka tabbata babu washa a ciki. Shimfiɗa tsumma kafin ka buɗe hob, wato cibiyar taya, don ƙwayoyin boris ba sa jiran kowa. Galibi na baya tara-tara ne masu rubu'in inci, na gaba goma-goma masu 3/16. Sa sababbi, ba su da wata tsada, ka duba hanyar da suke bi a jikin kon, wato notin da ke danne su, ko ta yi ramuka. In ka zo ɗaurewa ka bar ɗan wasa kaɗan ƙwarai, domin maƙullin da ke riƙe taya a firam idan ya danne yana matse aksul, wasan ya ɓace.

Yanzu ga shokazobar da ranka ke so. Cokalin da keken ya zo da shi, daga aksul zuwa kafaɗa, bai fi milimita 390 zuwa 400 ba. Na zamani mai lotsawa milimita 100 yana kai wajen 470 ko fiye. Duk milimita 20 da ka ɗaga gaba, kusurwar wuya na kwantawa kusan digiri ɗaya. Yi lissafin da kanka: keken da aka ƙera a kan digiri 71 zai koma wajen 67. Kan zai riƙa faɗuwa gefe idan kana tafiya a hankali, gaba zai riƙa ɗagewa a hawa, sannan dogon cokalin ya zame wa wuyan firam kamar ƙarfen ɓanɓare ƙusa. In ma wuyanka inci ɗaya ne, da ƙyar za ka samu sabo mai kyau da zai shiga. Tsofaffin na zamaninsa kuwa, da yawa roba ce a cikinsu maimakon sifirin, kuma bayan shekaru talatin robar ta narke kamar ƙaro ko ta farfashe. Ni dai a ganina bar masa cokalinsa. Sa masa taya mai faɗin inci 2.1 zuwa 2.3 gwargwadon abin da firam zai bari, da sararin kamar milimita 6 kowane gefe saboda laka, ka rage iska kaɗan. Za ka sha mamakin yadda gargada za ta lafa.

Birkin faifai kuwa ka cire shi daga ranka. Babu kunnuwan ɗaura shi, kuma ƙafar cokalin siririya ce a ƙasa, ba a yi ta don a riƙa finciko ta gefe guda ba. Ina ganin masu liƙa kunne da walda. Ban taɓa yarda na yi wa kowa ba, don in cokali ya karye fuska ce ke fara isa ƙasa. Kusoshin da tsohon birkinka ke kai za su karɓi birkin V, wanda Shimano ta yaɗa tun wajen 1996, kuma yana kamawa sosai. Sai dai ka haɗa shi da hannun birki nasa, mai jan waya da tsawo. In ka bar tsohon hannun, za ka matse har ya taɓa kai birki bai gama kamawa ba. Abu ɗaya: in birkin baya a ƙarƙashin firam yake, kusa da cibiyar feda, irin na ƙarshen shekarun 1980, kusoshinsa ba a wuri ɗaya suke ba, sai dai ka gyara shi yadda yake. Sabuwar waya da sabon gidanta da sababbin robobi, su ne rabin ƙarfin birki. Ka sa gaban robar ya riga bayanta taɓa rim da kamar milimita ɗaya, kukan zai ɗauke. Shafa gefen rim ɗin ma, in ya lotsa ciki kamar cokalin miya, ya gama aiki.

Maganar giya ɗaya a gaba, tana yiwuwa, amma ka san abin da za ka bayar. Juya giyoyin baya da baya ka kalli tsakiya, inda makulli ke shiga. In wurin na juyawa tare da su, kaset ne, wato giyoyin da ake zurawa a kan gidan hob. In ya tsaya cak, firiwil ne, wanda ake murɗawa a jikin hob. Ko kaset ɗin ne, gidan mai giya 7 ya fi na 8 da 9 da 10 gajarta, don haka yawan giya na nufin sabon hob ko sabuwar ƙafar baya gaba ɗaya, rim da hob. Kuma in kurankinka mai ƙusa biyar ne a da'irar milimita 110, ba za ka samu faifan da ya gaza haƙora 33 ko 34 ba. Yanzu kana da ƙaramin faifai mai 24 ko 26, da 28 a baya, feda zagaye ɗaya taya ba ta cika zagaye ɗaya ba, shi ya sa yake hawa tudu kamar akuya. In ka cire shi, ƙafarka ce za ta biya. Tsofaffin kayan giya na Shimano Deore, in ka jiƙa su a kananzir ka wanke ka sa mai, sai su dawo kamar jiya aka yi su. Makunnin giya na babban yatsa ma yana da ɗan maɓallin da ke kashe ƙas-ƙas ɗin, ya koma ja da ji, ya yi aiki da kusan kowace giya. Kacar kawai ka auna: gaɓa 12 cikakku (ta ciki da ta waje a haɗe su ne gaɓa ɗaya) inci 12 ne. In ta wuce da 1/16 na inci, canza ta. In ta kai 1/8, ta riga ta cinye haƙoran baya, su ma sai sun tafi.

Inda za ka sake ka yi son ranka shi ne duk wurin da jikinka ke taɓawa. Kekunan lokacin suna zuwa da doguwar sandar kai, 130 har 150, da ɗan siririn kai, mutum ya yi ruf da ciki kamar mai neman allura. Sa gajeriya mai ɗagowa, da kai mai faɗi da ya ɗan lanƙwaso baya, ka ji yadda keken zai zama wani daban. Lura dai, tsohon maƙalin kai milimita 25.4 ne, na yanzu yawanci 31.8, kuma wayoyi za su buƙaci ƙarin tsawo, don haka kada ka yanke su sai kan ya zauna. Kada ka zaro sandar kai ko ta sirdi ta wuce layin da aka zana a jikinta. Sirdi, feda mai faɗi, robar riƙo, kariya da madigadi in akwai ramukansu, duk naka ne. Abin da ka cire kuma ka zuba a kwali ka ajiye, wata rana za ka neme shi.

Fenti shi ne na ƙarshe, in ma za a yi. Haɗa keken da tsohuwar fatarsa, ka shafa giris a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ka fesa mai a cikin bututai, ka hau shi wata guda. A nan za ka san ko girmansa ya yi maka, ko akwai abin da ke ƙara. In fentin asali da sauransa, goge wuraren tsatsa da samfefa mai laushi ka ɗiga musu abin rufewa, ka bar masa rubutunsa; sabon fenti kowa na iya yi, wancan kuwa in ya tafi ya tafi. In ka nace sai ka sake, ɗauki hoton tambarin, ka rubuta lambar da ke ƙarƙashin cibiyar feda, ka toshe duk ramin zare da kusoshin birki kafin ka fesa.

Yau da dare dai ka gwada sandar sirdin nan. In ta ƙi, ɗiga mata mai ka kife shi ya kwana. Gobe ka turo shi nan da takardar awonka, zan ba ka aron abin zare kuranki da siraran sifanun kon, lamba 13 da 15. Ka dawo min da su a goge.