Yarona ba ya barci sai babansa ya dawo daga fada

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ina gaishe ki da aiki. Ni matar aure ce a unguwar Zariya nan Maradi, 'ya'yana biyu: namiji mai shekara 2 da wata 3, sai ƙanwarsa mai wata 7. Gwaggo, rabona da barcin kirki tun da na haifi yarinyar nan.

Maigidana ɗan kasuwa ne. Idan ya rufe shago ya yi isha'i sai ya biya fada wajen abokansa shan shayi, ba ya shigowa sai goma da rabi. Yaron ya riga ya san ƙarar motonsa. Ko ya fara gyangyaɗi, yana jin an turo ƙyaure zai zabura. Uban ya ɗauke shi ya yi ta cilla shi sama, ya ba shi tsire ko biskit, wani lokaci har ya kurɓa masa shayi, sannan ya miƙa masa salula. Ihunsa ya tada ƙanwar, ni kuma in goya wannan in lallashi wancan har sha biyu. Da rana sai ya yi ta rigima, bayan la'asar ya ɓingire sai magariba.

Na yi wa Hajiya, uwar mijina, magana, ta ce barci ɓarawo ne, in ya zo ba ya sallama, su haka suka reni nasu. Wata maƙwabciyata kuma ta ce in riƙa ba shi siron mura, wai yana sa barci. Ban ba shi ba, amma wallahi zuciyata ta fara raya mini. Ki ba ni shawara.

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata,

Siron nan dai ki manta da shi. Irin magungunan murar da ke sa barci ba a ba yaro su don ya yi shiru, wasunsu suna danne numfashin ƙananan yara, wasu yaran kuma maimakon barci sai su ƙara birkicewa. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki ba shi.

Yaronki ba shi da ciwon rashin barci. Agogon jikinsa ne aka saita masa a goma da rabi, kuma wanda ya saita shi ne mai moton. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana, jariri mai wata 4 zuwa 11 kuma awa 12 zuwa 16. Ki lissafa na ɗanki ki gani. Rigimar da yake yi da rana gajiya ce.

Hajiya ta yi gaskiya, barci ɓarawo ne. Sai dai ɓarawon nan ba ya son haske da hayaniya. A zamanin da ta yi reno, da an yi isha'i gari ya yi duhu, sai fitilar ƙwai da tatsuniya. Duhu ne ke sa jiki ya saki sinadarin barci da ake kira melatonin, hasken salula a fuska kuwa jinkirta shi yake yi. Shayin fada kuma kin san ƙarfinsa, babba ma yana hana shi runtsawa, balle ɗan shekara 2.

Mu nan ba sai mun rataya agogo ba, ladan ya wadatar. Abin da nake so ki yi yana tsakanin magariba da isha'i ne, kuma a jere guda kullum, kada yau a fara da wannan gobe da wancan. Ya ci tuwonsa da kiran magariba. Ki idar da salla ki yi masa wanka, ki goge masa haƙora, ki sa masa rigar da ba ya sawa sai da dare. Ki kashe tele, ki rage wuta, ki saki sange ku shiga tare. Tatsuniya ɗaya, ta Gizo da Ƙoƙi ta isa, ko da ita ce jiya da shekaranjiya. Yara ba sa gajiya da maimaici. Ki karanta masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ki shafa masa, ki ce sai da safe. Duka bai wuce rabin awa ba. Dodo kuwa kada ki kira masa shi, yaron da aka tsorata da duhu shi ke farkawa da kuka tsakar dare.

Kada ki ɗauko shi daga sha ɗaya zuwa takwas a dare guda, za ku kwana kuna dambe. Ki riƙa matso da lokacin da kamar minti 20 duk bayan kwana biyu. Barcin ranarsa kuma ya koma bayan azahar, ki tashe shi kafin la'asar. A nan Hajiya za ta goya miki baya, don ban san tsohuwar da ke son barcin la'asar ba. Ki ma roƙe ta ta riƙa yi masa tatsuniyar wani dare, ta fi ki iyawa.

Ƙaramar ki shayar da ita kafin ki fara da wanta, ki sauke ta daga goyo tun idonta na lumshewa, ta ƙarasa barcin a shimfiɗa. Ki kwantar da ita rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi ba tulin zannuwa kusa da fuskarta. Idan ta farka neman nono da dare, a watanninta wannan ba matsala ba ce. Ki ba ta cikin duhu, ba hira ba wasa. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, in kuran ya ɗauke kuka fito tsakar gida, a fito da sangen, jerin nan kuma bai canza ba.

Saura maigida, kuma nan ne aikin yake. Kada ki tare shi da "kai ne ke hana mu barci". Mutumin nan tun safe yana kasuwa, wannan cillawar ita ce kaɗai rabonsa da ɗansa a yini. In kika ƙwace ba ki ba shi madadi ba, ba zai yarda ba. Ki bari sai ranar da ya ci ya ƙoshi, ki ce: Baban yara, yaron nan kai yake jira, ko za ka riƙa leƙowa bayan magariba ka yi masa addu'ar barci, sannan ka wuce fada? In shago bai bari ba, to a mayar da wasan bayan asuba, tsiren ma a ajiye masa. Roƙo ɗaya za ki ƙara: ya kashe moton tun daga bakin lungu, ya turo shi da hannu.

Ki ba abin sati uku, daren farko da na biyu za a sha kuka. Idan kuma kin ga yana minshari mai ƙarfi, ko numfashinsa na tsayawa cikin barci, ko yana jan kunne, ko jikinsa da zafi, musamman da damina, wannan ba na tatsuniya ba ne, ki kai shi likita.

Gwaggonki